Ba sharo ba shanu muka shiga ba, Yaya

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya, su Inna da yara. Saƙon muryarka ya same ni a bakin aiki, sai da na sauke fasinja na faka gefen titi na saurara, na kuma maimaita. Ka ga tsohon hoton da ɗanka ya sake ɗorawa a Facebook, yana riƙe da kwali a tsakiyar masu zanga-zangar kisan George Floyd, ka ce me ya kai ɗan Bahaushe cikin rigimar baƙaƙen Amurka da 'yan sandansu. Ka ce shiga sharo ba shanu ke nan, kuma ni na zuba masa ido. Ban ji zafin maganar ba, don da bakina na sha faɗin irinta.

Da na sauka unguwar Bronx ta birnin New York a 1997, dattijon da ya ba ni masauki, mutumin Kumasi, ya ce min abu uku ne naka a garin nan: aiki, masallaci, ɗaki. Haka duk muka taso a kai, mu 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Ghana. Baƙaƙen da muka tarar kuwa nesa-nesa muke da su. Akwai sunan da muke kiransu da shi, akata, wanda yanzu kunyar faɗinsa nake ji. A ganinmu ɗan sanda ba ya taɓa mutum haka kawai. Wanda ya kama kansa, ya yi sallarsa, ya nemi halaliyarsa, me zai haɗa shi da hukuma?

Sai daren 4 ga Fabrairun 1999. Amadou Diallo, Bafulatani daga Gini, ɗan shekara 23, mai kasa safa da kaset a bakin titi, ya dawo gida yana tsaye a soron gidan da yake haya a Wheeler Avenue, nan Bronx. 'Yan sanda huɗu cikin farin kaya suka tsaya a kansa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro walat. Suka harba harsashi 41, guda 19 suka same shi. Babu bindiga a jikinsa, babu ko wuƙa. Yaron nan mai salla ne, bai taɓa shiga hannun hukuma ba, wato duk abin da dattijon nan ya ce mu zama, ya zama. Ranar Juma'ar da ta biyo baya na ga manyan mutane a ƙofar masallaci sun yi jugum, kowa na duban aljihun rigarsa. Waɗanda suka cika tituna dominsa, har aka kama mutum sama da 1,000 a ƙofar hedikwatar 'yan sanda, ciki har da tsohon magajin gari David Dinkins, yawancinsu mutanen nan ne da muke gudu. Mu da muke cewa ɗan'uwanmu ne, da yawanmu muna cikin tasi muna leƙe ta gilashi. An kai gawarsa Futa Jalo a Gini, aka ɗauke shari'ar daga Bronx zuwa wani gari, Albany, a Fabrairun 2000 aka sallami 'yan sandan duka huɗu.

Ba a daɗe ba na ɗanɗana nawa. Na kai wani fasinja can wajen gari, ina dawowa da dare fitilar 'yan sanda ta haske ni ta baya. Ka san tarbiyyarmu: babba ya kira ka, ba ka zama a mota kana jira ya tako ya same ka. Na buɗe ƙofa na fito da fara'ata, ina sanye da kaftani, hannuna ya nufi aljihun gefe inda lasin yake tare da carbi. Tsawar da ya daka min har yau tana kunnena. Ina ɗago kai na ga bakin bindiga, hannunsa biyu a kanta, kuma wallahi Yaya hannun rawa yake yi. Yaro ne, bai kai ƙaninmu auta ba. Ya kwantar da ni rub da ciki a kan kwalta cikin sanyi, ya laluba aljihun, ya ciro carbi yana jujjuya shi. Ashe fitilar baya ce ta mutu. Da ya sallame ni na fi rabin awa a zaune ban iya murza makulli ba. Ladabin gida ne ya kusa kashe ni: fitowa daga mota, sunkuyar da kai, saurin miƙa takarda tun ba a tambaya ba. A wurinka girmamawa ce, a wurinsa alamun mai shirin harbi ne, don a ƙasar nan bindiga ta yi yawa a hannun jama'a, kuma an horar da shi ya ɗauka kowane aljihu da ita a ciki. In aka ce aljihun na baƙin mutum ne, da dare, tsoron sai ya ninka.

Shi ya sa yanzu duk baƙon da ya sauka a wurinmu, kafin a nuna masa tashar jirgin ƙasa sai an zaunar da shi an yi masa karatu. In an tsayar da kai, kashe mota, sauke gilashi, kunna fitilar ciki, ɗora hannu biyu a kan sitiyari. Kada ka fito. Kada ka ɗauko komai sai ka faɗa da baki cewa lasin yana wuri kaza, zan ɗauko. Kada ka gudu ko da ba ka da takardun zama. Kuma, don Allah, kada ka kuskura ka ce ga na goro. Nawa lasin yanzu a saman gilashin gaba yake, inda ake tare rana, don hannuna ya yi sama maimakon ƙasa. Ɗanka yana shekara 12 na yi masa wannan karatu. Daga baya na gane baƙaƙen Amurka sun gaji irinsa kaka da kakanni, kowane gida na yi wa ɗansa, mu ne muka zo muka koya a makare. Kuma ko shi ba layar tsari ba ne. Philando Castile a Minnesota, 2016, ya faɗa wa ɗan sanda da bakinsa cewa yana da bindiga, wadda kuwa yana da izinin riƙe ta, aka harbe shi a gaban budurwarsa da 'yarta ƙarama. An sallami wanda ya harbe shi.

Akwai wata al'ada tamu da za ka ji ta wani iri. In yaro ya sami taɓin hankali a gida, mukan kira liman da dattawa da wani ɗan'uwa mai aikin asibiti kafin mu taɓa 911, lambar kiran agajin gaggawa. Dalili, Mohamed Bah, shi ma ɗan Gini, a Harlem cikin 2012. Mahaifiyarsa ta ga ɗanta ba daidai ba, ta nemi a kira motar asibiti, sai 'yan sanda suka zo. Sun ce ya taso musu da wuƙa. A cikin ɗakinsa suka harbe shi. Ba na ce dabararmu daidai ce ba, wani lokacin jinkirin kan cutar da maras lafiyan, amma ka ji inda ta samo asali.

Ka tambaya, ba ƙasar doka ba ce? Ita ce, kuma a nan gizo ke saƙar. Tun 1989 kotun ƙolin ƙasar ta kafa ma'auni: abin dubawa shi ne ko ɗan sanda mai hankali, a wannan wuri, a wannan daƙiƙa, zai ga akwai haɗari. Ba a auna shi da abin da aka gano daga baya. Saboda haka walat ce ko bindiga, in har ya gamsar da mutane cewa ya ji tsoron ransa, ya kusa kuɓuta. Mutanen da zai gamsar kuwa su ne masu taya alƙali yanke hukunci, mutum 12 daga cikin jama'ar gari, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya kafin a ɗaure shi. A shari'ar Diallo huɗu daga cikin 12 ɗin baƙaƙe ne, duk da haka aka sallama, don haka kada ka ɗauka zancen ya tsaya ga Turawa sun kare Turawa. Mai gabatar da ƙara ma da 'yan sandan nan yake aiki kullum, su ke kawo masa shaidu. Wani lokacin ba a ma kaiwa ga shari'a. Eric Garner da aka shaƙe a Staten Island a 2014, yana ta faɗin ba ya iya numfashi har sau 11, ga bidiyo duniya ta gani, ba a gurfanar da ɗan sandan ba, sai a 2019 aka kore shi daga aiki. Ousmane Zongo, mutumin Burkina Faso mai gyaran kayan sassaƙa, an harbe shi a 2003 babu makami a hannunsa. An sami ɗan sandan da laifin sakaci, hukuncinsa ɗaurin talala na shekara 5, ko kwana ɗaya bai yi a gidan yari ba.

Kuɗi kam ana biya. Iyalan Diallo dala miliyan 3, na Garner miliyan 5.9, na George Floyd miliyan 27. Na san za ka ce to ai diyya ce. Ni ma haka na zata, sai wani malaminmu ya warware min. A shari'armu magada ke da zaɓi, ko ƙisasi, ko diyya, ko yafiya, kuma an san wanda ya yi kisan, an ɗora masa. A nan uwar mamaci ba ta da ta cewa a kan ko za a gurfanar da wanda ya kashe mata ɗa. Kuɗin daga baitulmalin gari yake fitowa, wato daga harajin da ni da makwabtana muke biya, kuma sau da yawa takardar sulhun na ɗauke da cewa ba wanda ya amsa laifi.

Yanzu hoton. An kashe George Floyd ranar 25 ga Mayun 2020, washegarin ƙaramar salla. Sallar da muka yi a falo ce, korona ta rufe masallatai, mun binne mutanenmu da yawa a watannin. Wani ɗan sanda, Derek Chauvin, ya danne masa wuya da gwiwa fiye da minti 9, a kan zargin jabun takardar dala 20, wata yarinya 'yar shekara 17 ta ɗauka da wayarta. Da ɗanka ya ce zai fita, na tsaya a bakin ƙofa. Na ce masa mu baƙi ne. Ya ce Baba kai ne baƙo, ni a asibitin unguwar nan aka haife ni. Ya ce kafin dokar shige da fice ta 1965, wadda ta biyo bayan gwagwarmayar su Martin Luther King, da wuya a buɗe wa irinka ƙofar ƙasar nan, karnuka da kulake da mutanen nan suka sha ne ya sa kake tuƙa tasi a Bronx. Sannan ya tambaye ni, daren da aka kwantar da kai a kwalta, ya tambaye ka kai Bahaushe ne? Uwarsa ce ta raba mu. Ta ɗauko alƙalami ta rubuta masa lambar wayar lauya a damtse, ta ba shi takunkumi biyu, ta ce ya shigo gida kafin ƙarfe 8, lokacin dokar hana fita. Ya kuwa shigo. A makon nan, ranar 4 ga Yuni, aka yi wa masu zanga-zanga kimanin 300 ƙawanya a Mott Haven, nan Bronx, dab da ƙarfe 8, aka doke su aka kwashe, har a 2023 gari ya yarda zai biya kowannensu dala 21,500.

Haka muka raba aikin a tsakaninmu, ba tare da an zauna an tsara ba. Mai katin zama ko wanda takardunsa ba su kammala ba, ba ya fita, don kamu ɗaya na iya jawo masa tambayoyi ranar sabunta takarda ko neman zama ɗan ƙasa. Shi nasa addu'a ne, da karo-karon kuɗin lauya, da kai ruwa. Yara masu fasfon ƙasar su ne ƙafafunmu. Mu dattawa muna da wani tabon kuma: a 2011 aka fallasa cewa an daɗe ana sa wa masallatan garin nan ido a ɓoye, don haka taka-tsantsan ɗinmu ba tsoro ba ne kawai.

Inda kake da gaskiya ba zan ƙi ba. An fasa shaguna a Fordham Road, nan Bronx, a farkon watan Yunin 2020, ciki har da na baƙi 'yan ci-rani irinmu, kuma ɓarayin da suka fake da makoki ba abin da ya dame su da Floyd. Kiran da wasu suka yi a zabge kuɗin 'yan sanda bai karɓu a wurin direbobinmu ba, don wanda aka taɓa ɗora wa wuƙa a wuya ƙarfe 3 na dare ya san wa yake kira. Yaranmu ma akwai masu sanye da kakin, muna zuwa walimarsu. Cikin mutum kusan 1,000 da 'yan sanda ke harbewa duk shekara a ƙasar nan, kamar yadda jaridar Washington Post ta ƙirga daga 2015 zuwa 2024, Turawa sun fi yawa a adadi, kuma yawancin waɗanda aka harba na ɗauke da makami. Sai dai in ka auna da yawan jama'a, baƙaƙe da ba su wuce kashi 13 zuwa 14 cikin 100 ba, haɗarinsu ya ninka na Turawa fiye da sau biyu. Kuma waɗanda suka yi wa Tyre Nichols dukan da ya yi ajalinsa a Memphis a 2023, su biyar, baƙaƙe ne. Wannan ya daɗe yana cin ɗanka a rai, mun kwana muna musu a kansa.

Chauvin dai an same shi da laifi a Afrilun 2021, aka yanke masa shekara 22 da rabi. A ganina ba don wayar yarinyar nan da cikar tituna ba, da bayanin farko da 'yan sanda suka fitar, cewa mutumin ya sami matsalar rashin lafiya ne a lokacin kamu, shi zai tsaya.

Ka ce kana son zuwa bikin kammala karatunsa, in Allah ya ba da biza. Ni zan ɗauko ka a filin jirgi. Carbinka ka fito da shi tun kafin mu shiga mota, ka riƙe a hannu. In aka tsayar da mu a hanya, na san halinka, za ka so ka sauko ka ba shi haƙuri a matsayinka na babba. Ka zauna, ka ɗora tafukanka a kan gwiwa inda zai gan su, ka bar ni in yi magana.