Amsa: Yaushe ake ba 'yan wasa takardar CSAI-2?

Kana tambaya ko za ka iya raba wa 'yan ƙwallo takardar CSAI-2, wato takardar tambayoyi da ake auna fargabar gasa da ita, ranar atisaye don binciken digirinka na biyu, tunda koci ba ya son a dame su ranar wasa. A'a, ba zai yi ba. Fargabar dab da gasa take aunawa, don haka a cika ta kamar awa ɗaya kafin a take leda, a ɗakin canza kaya, kafin su fita ɗumama jiki. Tambayoyi 27 ne, minti goma sun isa.

Dalili kuwa, fargabar jiki, wato bugun zuciya da gumin tafin hannu da murɗawar ciki, ba ta tashi sosai sai wasa ya matso. Damuwar tunani ce ke zama kusan yadda take tun kwanaki kafin nan. In ka auna Laraba alhali wasa Lahadi ne, makin ɓangaren jiki zai fito ƙasa, kuma nan malamai za su ritsa ka ranar kare aikinka. Ka lallaɓi koci tun farkon mako, ka hana 'yan wasa leƙen takardar juna. Wajen lissafi kuma, juya makin tambaya ta 14 ake yi, wato babban maki ya koma ƙarami, ƙarami kuma ya koma babba.