Buzuzu daban, hangara daban

Wani manomi daga Tibiri ya rubuto: "Malam, buzuzu da hangara abu guda ne? Yaran gidanmu duka biyun buzuzu suke ce masu."

A'a malam, kuma don Allah a gyara wa yaran nan baki tun yanzu. Abin yana damuna, yau duk abin da ya yi fiffike ya faɗo kan fitila sai a ce "ƙwaro" ko "buzuzu" a wuce, alhali kakanninmu kowane sun ba shi sunansa don sun san aikinsa a gona.

Buzuzu shi ne baƙin nan mai dunƙule kashin shanu, ya juya baya yana tura shi da ƙafafun baya har ya samu inda zai binne, macen ta saka ƙwai a ciki, tsutsar in ta fito abincinta ke nan. Wato taki yake shigar maka cikin ƙasa kyauta, yana kuma rage ƙuda. Har Ostireliya sai da ta ɗebi buzuzu daga Afirka saboda kashin shanu ya rufe masu makiyaya, kuma a 2013 masana suka nuna wani irinsa a Afirka ta Kudu da hasken taurari yake daidaita hanyarsa da dare. Amma mu nan yaro na ganinsa sai ya take.

Hangara kuwa jikinta dogo ne mai laushi, lokacin da gero ya yi bununi take zuwa ta cinye furen, zangarniya ta tashi ba tsaba. In ka murje ta a wuya da safe ka ga bororo. Mutane na cewa fitsarinta ne, ba fitsari ba ne, ruwa ne mai dafi da ke fita ta gaɓoɓin ƙafafunta, shi ya sa hure ta ake yi ba a murzawa. Alherinta guda, tsutsarta ƙwan fara take ci cikin ƙasa.

Wata baiwar Allah daga Madarumfa: murzuna fa, ita ma hangara ce? A'a hajiya, tsutsa ce mai huda zangarniyar gero.

Wani ɗalibi ya ce "wake ɗaya ke ɓata gari", Maraɗi ake nufi ko Tasawa? Garin tuwo ake nufi ɗana, ja wasalin da kyau.