Masaukin matafiya ya zama kanti, me ya hana mai shi gyara yadda yake so?

TAMBAYA: Malam, ina karatu a Oxford. A titin Cornmarket akwai wani tsohon gini na katako, benensa ya leƙo kan titi kamar zai rufto, ƙasansa kuma shaguna ne. An ce a da masauki ne, wai ko taga mai shi ba zai sauya ba sai da izini. Ba gininsa ba ne? — Wata ɗaliba

AMSA: Malama, na san ginin, wanda ke kwanar Ship Street. Kwantar da hankalinki, ba zai rufto ba. Tun wajen 1386 aka gama shi, ana kiransa New Inn, wato sabon masauki, sunan da yake ba ni dariya yanzu. Rabinsa ne ma ya rage. Leƙowar da gangan ce: magina kan bar azarorin daɓen bene su zarce bangon ƙasa, sai ɗakin sama ya yi faɗi ba tare da an ci titi ba. In kin koma, tsaya a ƙarƙashi ki ɗaga kai, ki ga yadda aka sassaƙa katakan suka shige juna.

Gininsa ne, amma yana cikin rajistar gine-ginen tarihi. Ingila ta soma wannan rajista bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da bama-bamai suka cinye mata gine-gine, kuma hukumar Historic England ke riƙe da ita yau. Matakan daraja uku ne, daga sama zuwa ƙasa: I, II* (II mai tauraro) da II, fiye da kashi 90 cikin ɗari suna na ƙarshen. Kusan duk ginin da ya riga 1700 kuma bai sauya kama ba, yana ciki.

Inda mutane ke kuskure shi ne zaton fuskar gini kaɗai ake karewa. Har ciki ne, matakala, murhu, azara. Sauya sana'a bai cire gini daga rajista. A sayar da tufafi ko burodi, duk ɗaya. Amma kafin a fasa bango sai ƙaramar hukuma ta amince, wanda ya yi gaban kansa kuwa dokar 1990 ta tanadar masa tara ko ɗaurin da zai kai shekara 2.

Ni dai kanti ya fiye mini gidan tarihi, don mai haya ba ya barin rufi ya yi yoyo. In kina son ganin masaukin da bai bar sana'arsa gaba ɗaya ba, je George Inn a Southwark, Landan, ginin 1677, barandarsa tana nan.