Batir biyu a haɗe, ɗaya na riga ɗaya mutuwa: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da inbata 12V da batir tubula guda biyu masu 200Ah, an haɗa su ja da ja, baƙi da baƙi. Rana ɗaya na saye su. Yanzu ɗaya yana ɗaukar zafi, yana shan ruwa fiye da ɗan'uwansa, kuma da na raba su da asuba na auna sai na ga 12.1V a ɗaya, 12.4V a ɗayan. An sayar mini da jabu ne? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi saurin zargin mai shago. Kafin komai je ka duba inda wayoyin inbata biyu suka sauka. Ina kyautata zaton duka biyun a kan batir ɗaya aka ɗaure su, sannan aka ja wasu wayoyi zuwa na biyun, kuma wanda ke zafin shi ne na kusa da inbata. Haka masu haɗin gaggawa suka fi yi.

Lantarki kamar ruwa yake, hanyar da ta fi sauƙi yake bi. Idan kana jan wat 1000 a kan 12V, kusan amfiya 90 ke fita daga batiran. A irin wannan nauyi ƙaramar tirjiya ba ƙarama ba ce: wayar jan ƙarfe mai kaurin 16mm², mita ɗaya ta ja da mita ɗaya ta baƙi, tana cinye kusan 0.1V in amfiya 45 ta ratsa ta. To tsakanin batir cikakke, wato 12.7V, da wanda ya sha rabi, wajen 12.2V, tazarar duka 0.5V ce. Saboda haka na kusa ke ɗaukar kaso mafi tsoka da dare, shi ke fara karɓar caji da rana, shi ke tafasa. Na nesa kuwa ba hutu yake yi ba, sau da yawa ba ya cika, farantan dalmar da ke cikinsa na daskarewa a hankali.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Ɗauki jar wayar inbata daga batir na farko, baƙar kuma daga na biyu, haka ma wayoyin caji. Wayoyin da ke tsakanin batiran su zama tsawo ɗaya, kauri ɗaya. In batiran sun kai uku ko huɗu, sai a sa sandar jan ƙarfe kowa ya kai nasa wayoyin can, kowanne da fiyus ɗinsa. Ka kuma kankare bakin waya ɗaya da wuƙa: in ka ga fari a ciki, alminiyam ce aka shafa wa ja, kuma irinta ta cika kasuwa. Kan batir da ya yi farin gari ko kore a wanke shi, a ɗaure noti tamau.

Wajen awo, muddin batiran na haɗe mitarka za ta nuna kusan lamba ɗaya a kansu ko da ɗaya ya lalace. Abin da ke tona asiri shi ne mita mai baki kamar filaya, wadda ke auna amfiyar batir ba ta gidan wuta kaɗai ba. Kunna firij da fankoki, ka maƙala ta a wayar kowane batir. In ɗaya na ba da amfiya 30 ɗaya na ba da 12, ka kama ɓarawon.

Idan bayan gyaran waya bambancin bai tafi ba, sai mu koma kan batirin kansa. Kashe inbata, cire zobe da agogo, fara kwance baƙar waya, kuma kada a kusanto da wuta ko taba domin iskar da batir ke fitarwa tana kamawa. Yi wa kowanne caji shi kaɗai har ya cika, ka bar shi ya kwana ba a jone ba. Lafiyayye zai tsaya wajen 12.6V zuwa 12.8V. Wanda ya zube zuwa 10.5V, ɗaya daga cikin ɗakunansa shida ya mutu, kuma shi ne ke tsotse ɗan'uwansa cikin dare. Ma'aunin kaurin ruwan batir zai nuna maka ɗakin: sauran na wajen 1.26, shi yana can ƙasa. Ruwan da za ka ƙara kuwa tataccen ruwan batir kawai, ban da na rijiya ko na leda.

Dubi kuma wurin da suke. Batir ya fi son wajen digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 na rage masa kusan rabin tsawon rayuwarsa. A Katsina cikin Afrilu, wanda ya jingina da bangon yamma ko yake shan hucin inbata zai riga ɗan'uwansa tsufa.

In ya tabbata ɗaya ya mutu, kada ka sayo sabo ka haɗa da tsohon, domin sabon ne zai yi ta ɗaukar nauyin. Cire mataccen, rage kaya, ka lallaɓa da mai lafiyar har ka samu halin canza biyun tare. In kuma duka lafiyarsu ƙalau, kada ka mayar da haɗin sai bambancinsu bai wuce 0.1V ba.