Amsa ga ɗan'uwan da ke son kwafe sabar gidansa zuwa faifan waje

Malam, tambayarka ta fama mini tsohon miki. Ka ce kana da tsohuwar kwamfuta mai Debian Linux da ka mayar sabar gida, ka sayo faifan waje mai 2TB, kana tambaya ko umarnin kwafi na `cp -r` a cikin cron (manhajar da ke gudanar da umarni a lokacin da ka tsara) kowane dare ya wadatar. Bai wadatar ba. Tun kafin maganar umarni ma, duba faifan. Yawancinsu da tsarin ajiyar fayil na exFAT ko NTFS suke fitowa daga kwali, kuma exFAT bai san mai fayil ba, bai san izini ba. Ranar da ka dawo da makullanka na shiga sabar daga nesa daga cikinsa, manhajar SSH mai amfani da su za ta ƙi su, ta ce izininsu ya yi faɗi. Mayar da shi ext4, tsarin ajiyar fayil na Linux.

Amma in ka mayar da shi ext4, don Allah kada ka bari hannun kowa ya taɓa shi. Ni faifan sabata ne ya fara ƙas-ƙas, daga nan ya ƙi tashi. Ban damu ba, ina da kwafi. Na ɗauko na wajen, sai na ga bakin USB ɗinsa yana lilo. Na kai wa wani mai gyara a kasuwa, na ce masa baki kawai zai liƙa, kada ya taɓa abin da ke ciki. Har na maimaita. Ya ce, "Ba ka da matsala, Alhaji." Da ya gama sai ya jona a Windows don gwaji. To Windows ba ta karanta ext4, sai ta fito da akwatin nan mai cewa a yi wa faifai fomat. Ya danna. Bai tsaya nan ba, ya loda finafinai a kai wai ya ga ko yana karɓa.

Da na dawo yana murmushi ya ce, "Ai babu komai a ciki, na ma gyara maka shi." Wallahi sai da na nemi benci na zauna. Hotunan sunan yara, takardun fili da na ɗauka, da muryar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, tana ba jikoki labarin garinsu. Ko haƙuri bai ba ni ba. Cewa ya yi laifina ne da na sa wa faifai abin da kwamfuta ba ta sani ba, sannan ya miƙo hannu a biya shi kuɗin aiki. Maƙwabtansa suka taru, kowa na cewa a yi haƙuri, ƙaddara ce. Har yau in na bi ta layin nan ba na kallon ɓangarensa.

PhotoRec, manhajar ceto fayilolin da aka goge, ta tsamo mini wasu hotuna, dubbai, babu folda babu suna, sai harafin f da lambobi. Inda finafinan suka hau kuwa ya tafi. Muryar ba ta dawo ba.

Shi ya sa nake cewa faifai biyu, ba ɗaya ba. Ɗaya a jone, ɗaya a gidan ɗan'uwa, kana musanya su. Wanda ke jone kullum, in wuta ta dawo da ƙarfi ko tsawa ta faɗo, tare da sabar zai tafi. Wanda zai kwana a gidan wani kuwa, rufe shi da LUKS (kullen faifai na Linux mai kalmar sirri), ka manna masa takarda: kada a jona.

Umarnin da nake amfani da shi: `rsync -aHAX --delete /home/ /mnt/ajiya/home/`. Kula da sandar `/` ta ƙarshen `/home/`, tana canza inda kaya za su sauka, don haka fara da `-n` ka ga abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba. In dukan tsarin za ka kwafe, cire /proc, /sys, /dev, /run da /mnt, in ba haka ba zai shiga kwafar kansa. Kuma `--delete` ba ya tausayi: abin da ka goge da rana bisa kuskure, da dare zai goge shi a kwafin. Duba manhajar rsnapshot ko zaɓin rsync na `--link-dest`, suna ajiye na jiya da na makon jiya ba tare da cin wuri ninki biyu ba.

Af, na kusa mantawa. Sa `mountpoint -q /mnt/ajiya || exit 1` a farkon rubutun umarninka. Shi ke duba ko faifan ya hau; in babu shi, aka ɗauke wuta faifan bai hau ba, rsync zai zuba komai a faifan sabar har ya cika, kai kana barci. A fstab (fayil ɗin da ke lissafa faifan da za su hau in an kunna sabar) yi amfani da UUID, wato lambar shaidar faifan, domin faifan da ake kira sdb yau yana iya zama sdc gobe; ƙara da `nofail` don sabar ta tashi ko da faifan ba ya nan. In kana da rumbun bayanai na MariaDB, fitar da bayanansa da `mysqldump` tukuna, kwafar fayilolinsa yana cikin aiki ba abin dogaro ba ne.

Kuma lokaci-lokaci dawo da folda guda daga kwafin ka buɗe ta da idonka. Turo mana abin da `lsblk -f` ya nuna maka, mu ga da wane tsari faifan ya zo kafin ka taɓa shi.