Amsa: Shin kamfanoni na ɓoye maganin sankara?

Hajiya, Allah Ya ba mahaifiyarki lafiya. Kin tambaya ko da gaske an gano maganin sankara amma kamfanoni sun ɓoye shi. Ban yarda ba. Sankara ba cuta guda ba ce, iri-iri ce, don haka magani ɗaya ba zai warkar da duka ba. Amma zargin kwaɗayin kuɗi gaskiya ne. Glivec na kamfanin Novartis, da ya fito a 2001, ya ceci masu wata sankarar jini, sai dai tsadarsa a lokacin ta fi ƙarfin talaka. Mu nan Damagaram ma, gashi da na'ura, wato ƙona sankarar da haske mai ƙarfi, sai an je Yamai, wajen kilomita 900. Don Allah kada mai tallan magani a WhatsApp ya ɓata muku lokaci, ku kai ta asibiti tun da wuri.