Kwas ɗin koyar da Turanci a Masar: kada ka yi cinikin biri a sama da jarin shagonka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari shekara shida ke nan, kuma kayan da ke shagon yanzu za su kai naira miliyan 14. Ina da digiri a fannin Turanci, na koyar shekara biyu kafin in shigo kasuwa. Ɗan kawuna da ke zaune a Alƙahira ya ce in zo in yi wani kwas na wata ɗaya mai suna CELTA, wai da shi ake samun aikin koyar da Turanci a ƙasashen Larabawa da Asiya, albashi daga dala 2,000 zuwa sama a wata. Ya ce in tura masa kuɗin ya yi mini rajista, kuma yana da mutanen da za su sama mini aiki. Ina so in cire miliyan 7 daga shago, in bar wa ƙanena sauran. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kwas ɗin da ka ambata na gaskiya ne, kuma takardarsa tana da daraja. Matsalarka tana wani wuri dabam. Duk abin da ka sani game da wannan tafiya, farashi da albashi da aikin da ke jiranka, daga baki ɗaya ka ji shi, kuma ta hannun mai bakin nan kuɗinka za su bi. Da a ce wani ya shigo shagonka ya ce yana da kwantenar shadda a Legas, ka ba shi rabin jarinka ya kawo maka, da ka nemi samfur, ka nemi takardar kaya, ka bugo wa mutum uku waya kafin ka ba da ko sisi. Don me za ka sassauta wannan ƙa'ida saboda mai maganar ɗan kawunka ne? Zumunci ba ya zama rasit.

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka: "in tura masa kuɗin ya yi mini rajista". Ba a shiga CELTA ta hanyar tura wa wani kuɗi ya yi maka rajista. Jami'ar Cambridge ce ke ba da takardar, ta hannun cibiyoyin da ta amince da su, kuma sunayensu suna jere a shafinta na intanet, ƙasa bayan ƙasa. Kowace cibiya sai ta fara aiko maka da aikin gwaji a rubuce, kan nahawu da ma'anar kalmomi da yadda za ka bayyana wa ɗalibi bambancin jimloli biyu masu kama da juna. Bayan nan malamin cibiyar ya yi hira da kai, kai da bakinka, ya auna Turancinka, domin suna neman wanda ya kai matakin C1 mai ƙarfi ko C2, wato matakai biyu mafi girma a ma'aunin harsuna na Turai. Sai sun ɗauke ka sannan a yi maganar kuɗi, kuma takardar neman biya da sunanka za ta fito, a biya cikin asusun cibiyar. Duk wurin da ya karɓi kuɗi da sunanka alhali bai taɓa jin muryarka ba, ba CELTA yake sayarwa ba. Intanet cike take da takardun TEFL, wato na koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, na awa 120 da ake saya da 'yan daloli kaɗan, ba tare da mutum ya tsaya gaban aji ko sau ɗaya ba. Suna da tambari da ado, amma masu ɗaukar aiki na ƙwarai sun san su. Abokiyar tafiyar CELTA a daraja ita ce CertTESOL ta Trinity da ke Landan, ita ma da hira ake shigarta.

Ba na cewa ɗan kawunka mazambaci ne. Galibi abin da ke faruwa shi ne shi ma wani dillali ne ya yi masa romon baka, ya ɗauko maganar da zuciya ɗaya ya kawo gida. Amma ranar da abu ya lalace, ba dillalin za ka gani ba. Ɗan kawunka za ka gani a wajen suna da ɗaurin aure, iyaye su ce a bar maganar don zumunci, kai kuma ka rasa kuɗin, ka rasa bakin neman su.

Sai maganar aiki, wadda ita ce birin da ke saman bishiya. Takarda ba ta ba mutum izinin aiki a wata ƙasa, fasfo da biza ke yin wannan. Koriya ta Kudu, wadda ake yawan kafa misali da ita, bizarta ta malaman Turanci, E-2, an gina ta ne a kan 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ireland, Ostareliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Najeriya ba ta ciki, komai kyan Turancinka. A ƙasar Sin, dokar da gwamnati ta fitar a 2021 ta karya kasuwar darussan bayan makaranta masu zaman kansu, wadda a da take ɗibar malamai daga waje. A Turai, makarantun harshe sun fi son wanda ya riga ya mallaki izinin aiki. A ƙasashen Larabawa kuwa, ayyukan da ke biyan albashin da aka faɗa maka na jami'o'i ne da manyan kwalejoji, kuma suna neman digiri na biyu da shekarun koyarwa bayan samun takardar, wasu ma a cikin tallan aikin suke rubuta fasfon da suke so. Ko an ɗauke ka, sai an tantance digirinka a ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar ya buga nasa hatimin. Akwai 'yan Najeriya da ke koyar da Turanci a waje, amma ba wata ɗaya ne ya kai su can ba. Wanda ya ce maka makon da ka gama kwas za ka fara karɓar dala 2,000, ka tambaye shi sunan makarantar.

Mu zo lissafi, a kan ƙiyasi, dala ɗaya naira 1,500. Kuɗin kwas ya danganta da ƙasa da cibiya, mu ɗauki dala 1,800. Jirgi zuwa da dawowa, 800. Ɗaki na mako biyar kusa da cibiyar, 500. Abinci da mota da data da buga takardu, 400. Biza da inshora da katin rigakafin shawara, 200. Kuɗin ko-ta-kwana, 500. Jimla dala 4,200, wato naira miliyan 6.3. Ka ga ke nan miliyan bakwai ɗinka kwas kawai za su biya su dawo da kai gida. Babu kuɗin zaman jiran aiki a ciki ko na wata biyu, kuma in ka je kasuwar 'yan canji ta Wapa ka tarar canji ya motsa, ɗan abin da ya rage ma ya tafi. Wanda ya ga yadda naira ta zube daga tsakiyar 2023 zuwa 2024 bai kamata ya yi kasafin tafiya ba tare da rara ba.

Irin wannan tafiya kusan hanya ɗaya take bi in ta karkace. Mutum ya gama kwas, cibiya ta ba shi takardar wucin gadi, ta asalin kuwa sai bayan makonni take zuwa daga Cambridge. Mutanen da aka ce za su sama masa aiki su ce ya ƙara haƙuri, ko su nemi kuɗin "gyara takardu". Bizar ziyara da ya shigo da ita ba ta halatta masa aiki ba, kuma kwanakinta suna ƙarewa. Kunyar dawowa hannu rabbana ta hana shi sayen tikiti. Sai ya fara bin gidaje yana koyar da yara a ɓoye, kuɗin awa-awa da ba su isa haya ba. Daga nan wayar farko ta zo Kano: a ɗan turo wani abu. Ƙanen da aka bar wa shago ya karyar da turmi ashirin ya tura. Wata mai zuwa ya ƙara. Kafin azumi, lokacin da kowa a layin yake ciko shagonsa don cinikin Sallah, nasa ya koma kwantai da launukan da ba mai so.

Ka lura kuma, in ka kwashe rabin kaya, kuɗin haya ba ya raguwa rabi. Mai sari da ke zuwa daga Maraɗi ko Gusau saboda ya san zai sami zaɓi a wajenka, in ya zo sau biyu ya ga kaya sun yi ƙaranci, shagon maƙwabcinka zai koma. Kuma kuɗin da za ka cire ba a ajiye suke ba, kaya ne, sayarwar gaggawa kuwa sai da ragi.

Shi kansa kwas ɗin ba yawon buɗe ido ba ne, kuma ana faɗuwa. Awa 120 ne na zama da malamai, a dunƙule cikin mako huɗu ko biyar, ban da aikin gida da ke cin dare. Rabin yini ana koya muku dabarun koyarwa, ɗaya rabin kuna koyar da ɗalibai manya na gaske, a matakai biyu, malami yana zaune a bayan aji yana rubutu. Awa shida za ka koyar a jimlace, darasi-darasi, kowane da tsarinsa a rubuce minti bayan minti. Ka kalli gogaggun malamai awa shida, ka rubuta ayyuka huɗu, kowane kalma 750 zuwa 1,000. In aiki bai yi ba ana ba ka dama ɗaya ka gyara. Faɗuwa a biyu daga cikinsu na nufin ka rasa takardar, kuma ba a mayar da kuɗi. Fashin kwana ɗaya ma sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Abin da ya fi kayar da waɗanda suka taɓa koyarwa a gida shi ne yawan magana. Mun saba malami ya tsaya gaban allo ya yi bayani minti talatin, yara su kwafa. A can, in ka yi minti biyar kana bayanin ƙa'idar nahawu ɗalibai suna kallonka, malamin da ke baya ya riga ya rubuta. Suna so ka kafa misali, ka jawo amsa daga bakin ɗalibai, ka haɗa su biyu-biyu su yi magana, kai ka zagaya kana sauraro. Tambayar "kun gane?" ma ba ta karɓuwa, sai ka yi tambayar da amsarta za ta nuna sun gane ɗin. Shekara biyun da ka yi a aji za su ba ka ƙarfin tsayawa gaban mutane, amma za ka sha wuyar sauke tsohuwar ɗabi'a, ga shekara shida kana kasuwa. Kada ka kuskura ka sa wannan wata a cikin azumi, kada kuma ka sa shi a kakar ciniki.

In niyyarka ka dawo gida da takardar, ka san cewa an tsara ta ne don koyar da manya. Ba ta maye gurbin takardun koyarwa na NCE ko PGDE ko rajistar hukumar malamai ta TRCN a makarantun Najeriya. Inda take da amfani a nan shi ne ajin shirya wa jarrabawar Turanci ta IELTS da OET, wadda ma'aikatan jinya da ɗalibai masu neman fita suke biya don su ci, da koyar da 'yan kasuwa da ma'aikata, har da 'yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci suke neman Turanci. Mu ƙaddara ka tara mutum goma, kowa naira 40,000 na mako takwas. Dubu 400 ke nan. Cire haya da wuta da data da littattafai, mu ce dubu 150, saura 250. Zubi biyar a shekara, miliyan ɗaya da dubu 250. Shekara biyar kafin miliyan 6.3 su dawo. Kai ka fi ni sanin abin da waɗannan kuɗi za su haifa in suna juyawa a atamfa shekara biyar.

Saboda haka shawarata ita ce ka juya tsarin. Ka fara gwada kasuwar da abin da ke hannunka: digirinka ya isa ka buɗe ajin yamma bayan ka rufe shago, kwana uku a mako, ka ga ko mutum goma za su biya, su kuma dawo zubi na biyu. In ajin ya kama, CELTA tana da tsarin da ake yi ta intanet gaba ɗaya, har da na sannu a hankali da ke ɗaukar watanni, kuma takarda ɗaya ce da ta wanda ya hau jirgi. Abin da za ka tanada shi ne kwamfuta mai kyamara, sola ko batir da ba zai mutu a tsakiyar darasi ba, da layin data biyu na kamfanoni dabam-dabam. Dala 1,800 ɗin nan kuma daga riba za su fito, ana warewa wata-wata, ba daga uwar kuɗi ba. In ka nace sai ka tafi, ka nemi gurbi da kanka, ka karanta sharaɗin mayar da kuɗi in an hana ka biza kafin ka biya kafin alƙalami, ka sayi tikitin dawowa tun daga nan, sannan ku ƙirga kayan shago turmi-turmi kai da ƙanenka a gaban shaida, a rubuta, kowa ya sa hannu.

Yau ɗin nan ka kira ɗan kawunka cikin mutunci ka roƙe shi abu uku. Sunan cibiyar, don ka duba ta a jerin Cambridge ka rubuta musu da kanka. Sunan makarantar da za ta ɗauke ka, da takardar da ke nuna albashi da wanda zai yi maka izinin zama. Sai lambar mutum ɗaya mai fasfon Najeriya da ya bi ta hannun mutanen nan, yake aiki yanzu da izini a fasfonsa, ka ji daga bakinsa nawa yake karɓa da wata nawa ya yi yana jira. Kafin ukun nan su zo hannunka, kada turmi ɗaya ya bar shagon da sunan wannan tafiya.